Bututun Bayan Kabad

Shekara tara Sista Raudatu ta yi tana sa wa marasa lafiya barci a ɗakin tiyatar wani asibiti mai zaman kansa a Nassarawa GRA. Tsohon gida ne aka mayar asibiti. Kullum ta tashi aiki sai ta koma gida Badawa kanta na sarawa, ta haɗiyi farasitamol, ta ce tsayuwa ce ta yi yawa.

Wata Talata Dakta Amanda ta zo daga jami'a yin bincike. Ta goge cikin kumatun ma'aikata da auduga, ta ɗebi jininsu. Bayan wata biyu ta dawo, ta keɓe Raudatu.

"Sista, ƙwayoyin halittarki sun nuna lahani fiye da na masu aiki a ɗakin kwantar da marasa lafiya. Duk ma'aikatan tiyata haka ne. Iskar sa barci na yoyo, kuna shaƙa."

Ɓari biyu Raudatu ta yi cikin shekara uku.

"Dakta, ita ta zubar mini da ciki?"

"Gaskiya ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba. Gwajin bai kai nan ba."

Ba ta yi kuka ba. Bartholomew mai gyaran na'urori ta nemo, suka bi bututun da ya kamata ya fitar da ragowar iskar zuwa waje. Da suka ture kabad ɗin magani, sai ga bakin bututun a buɗe a cikin ɗaki. Tun da aka sa na'urar sanyaya ɗaki, shekara huɗu ke nan, magina suka liƙe hudar da bututun ke bi ta bango da siminti.

Ta kira mai asibitin, Dakta Yunis, ta nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

"Innalillahi," ya ce. "Ni ma nan nake yini."

Kwana uku tiyata na rufe, aka fasa bango, aka sauya robobin na'urar sa barci da suka tsage.

Mijinta Lawan ya so ta ajiye aikin. Ta ce a'a, ta dai nemi wata shida a sashen ganin likita, aka ba ta. Kafin ta koma can, sai da ta tsaya a kan Sakinatu, wadda za ta gaje ta, har ta iya gwada yoyon na'urar sa barcin da hannunta kowace safiya.