Toka a Kan Ɗanasabe

Ɗanasabe ya ci amanar garinsu, kuma da gashin kansa ya ci ta. Dattijo ne da ya haura sittin, Allah ya naɗa masa furfura kyauta, amma ya ɗauki ƙafa ya tafi Madawa ya zauna gaban mai aski aka rina masa kai, tsakiya ruwan lemo, gefe da gefe shuɗi. Duk wanda ya taɓa ganin jan gwada yana shan hantsi a kan katanga ya ga kan Ɗanasabe.

Da kan nasa ne shi kaɗai, da sai a ce ya je can da haukarsa. To a shekarar nan kan ba nasa ba ne. A Tudun Gawo, ƙauyensu da ke bisa dutse kusa da Ibohamane, idan Sarkin Noma ya rasu, babban namijin gidan yakan bar sumarsa, aska ba ta taɓa ta sai ruwan shuka ya sauka. Washegari da safe gari ya taru a bakin gonar gandu, wanzami ya aske shi, a zuba sumar a ramin farko tare da irin gero, sannan a miƙa masa sungumin kakanni ya sari ƙasa. Kafin ya sara babu mai shuka. Abin ya samo asali tun kafin mutanen garin su kama salla. Yanzu liman ne yake buɗewa da Fatiha, ba a yanka komai, ba a kiran kowa sai Allah, amma askin yana nan. Tsofaffi suna cewa farin kai shi ke kiran farin gero. Idan kuwa aka sami magajin da abin kunya, sai sungumin ya tsallaka kwari zuwa gidan ƙanen uban magajin, kuma sungumin da ya tsallaka kwari ba ya komowa.

Usman, Sarkin Noma, ya rasu cikin sanyi. Ƙanensa Ɗanasabe shi ne babban da ya rage, sai aka aika masa Abija, can birnin bakin teku, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tallar agogo da tabarau, ya komo gida ya fara tara suma.

Mai kula da sungumin kuwa yayarsu ce Fatsima, wadda duk gari ke kira Gwaggo. Tun da mijinta ya rasu ta komo gidan ubanta, ita ce take shafa wa ƙotar man shanu kada gara ta ci, ita take rataye shi a ɗakin marigayi tsohon nasu. Ta ga ubanta ya sara da shi, ta ga Usman ya sara da shi. Ba ta da ɗa namiji, ba ta da shanu. Abin da take tinƙaho da shi a bakin rijiya shi ne sungumin nan daga gidansu yake fita.

Ita ce ta fara lura cewa ƙanenta ya daina alwala a gaban mutane. Duk lokacin salla sai ya ɗauki buta ya zaga bayan rumbu. Hula kuwa ba ta barin kansa ko da rana ta take, kuma duk ranar kasuwar Madawa sai ya hau babur ya ɓace, ya komo yana ƙamshin turare yana murmushi shi kaɗai. Wata rana da azahar ta zaga bayan rumbu ɗibar kara, ta same shi a tsugune ya ajiye hula a kan gwiwa zai shafi kai.

Karan ya zube daga hannunta.

"Ɗanasabe, mi ac cikin kanka?"

Ya yi wuf zai mayar da hula, ta riga shi ta fizge.

"Yaya, ba ni hullata. Kar ki tara min mutane."

"Ni za ni tara maka mutane? Kai da ka aza wuta bisa kanka? Wa yay yi maka wanga aiki? Mahaukaci na ko mai gaba da gidanmu?"

Sai ya gyara tsayuwa ya fara bayani, irin bayanin mutumin da ya san bai da gaskiya. Wai a Abija manyan mutane ma suna yi. Wai zamani ne. Da ta matsa sai gaskiya ta fito. Akwai wata bazawara mai tuwo a tashar Madawa, Ni'ima, wadda ta dubi sumarsa ranar da ya cire hula yana fifita ta ce, "Baba, a ƙara maka miya?" Kalmar Baba ce ta hana shi barci. Kasuwa ta gaba ya shiga shagon aski ya nuna hoton wani ɗan ƙwallo a bango ya ce irin wannan yake so.

"To yanzu mi taka ce maka?" in ji Fatsima.

"Tana dariya in ta gan ni. Murna taka yi."

"Murna! Ni ma in na ga biri da wando dariya nika yi. Kai, ko lalle ne ka sa, da mun ce sunna ka bi. Hurhurar da mutane ka roƙon Allah ya nuna musu, ita ka kai anka yi wa fenti kamar ƙyauren shago?"

Ya ce mai askin ya tabbatar masa launin zai koɗe kafin damina. Ta ce ya je ya sami dattawa tun da sauran mutunci, ya cire hula ya ce ya yi wauta, wataƙila su tausaya su nemi dabara. Ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai tsaya gaban Hassan da kai a buɗe ba. Hassan shi ne ɗan ƙanen ubansu na tsallaken kwari, manomi mai shiru, wanda bai taɓa wuce garin Tawa ba.

Askewa ba ta yiwuwa, don magajin da ya zo gona da ƙwalƙwal ya riga ya fid da kansa. Saboda haka Fatsima ta zaunar da ƙaton dattijo a bayan rumbu kamar yaro mai ƙwarƙwata, ta dirje shi da sabulu, ta dirje shi da kanwa, ta matsa lemun tsami har yana kiran sunan uwarsu. Abin da aka samu shi ne shuɗin ya koma kore-kore, ruwan lemon ya ƙara haske. Ta wanke hannu ta ce masa daga yau babu ruwanta. Amma ba ta gaya wa kowa ba. A bakin rijiya mata suna cewa, "Gwaggo, sumar Sarki ta yi tsawo?" ita kuma tana cewa ta yi, tana jan guga da ƙarfin da bai kamata ba.

Ruwa bai jira launi ya koɗe ba. Wata la'asar hadari ya taso daga gabas, ruwa ya zubo har kwari ya cika. Fatsima ta fito da sabuwar ƙwarya ta tara ruwan farko, don aikin babbar ɗiyar gida ne ta kai shi gona. Tana tsaye ruwa yana dukanta, yara suna ihu a waje.

Da safe ta tarar an share murhunta tas, rariyarta kuma ba ta inda take rataye ta. Ba ta kawo komai a ranta ba. Ta sauko da sungumi, ta goge shi, ta ba dattawa, ta ɗauki ƙwarya ta bi bayansu.

Gari duka yana bakin gandu, kowa da ƙwaryar irinsa, ƙasa ta yi laushi tana ƙamshi. Har makiyayan da ke zaune gefen dutse sun tsaya da sandunansu suna kallo. Ɗanasabe ya iso cikin babbar riga, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Liman ya yi Fatiha aka shafa. Aka shimfiɗa tabarma ya zauna, ya sa hannu biyu ya ɗaga hula sannu-sannu.

Kai fari fat.

"Masha Allah," in ji wani tsoho. "Kamar auduga. Bana rumbu ba ya isa."

Zuciyar Fatsima ta yi tsalle, har ta fara cewa ko Allah ya ji kukanta. Da ta matso da ƙwarya sai ta ga farin yana da gari-gari, ta ga 'yar ƙura a bayan kunnensa da kan wuyan riga. Nan ta san inda tokar murhunta ta tafi. Mutumin da ya biya aka ɓoye masa furfurar gaskiya, ga shi ya tankaɗe toka ya yi ta ƙarya.

Jibril wanzami, wanda taubashin Ɗanasabe ne kuma bakinsa ya fi askarsa kaifi, ya durƙusa yana wasa aska a fata.

"Sarki, yau kana hannuna. In ka motsa in raba ka da kunne guda, ka huta da jin maganar Gwaggo. Gwaggo, zuba ruwa."

Ɗanasabe ya ɗago a firgice. "Ruwa? Ruwa na mi?"

Shekarun da ya yi a Abija injin aski ya saba da shi, mai bi ta kan busasshen gashi yana kuka. Ya manta cewa askar wanzami ba ta hawa kai sai an jiƙa shi an murza. Ya ɗauka ruwan ƙwaryar na yayyafa wa rami ne.

"Ji min baƙo!" in ji Jibril, mutane suka yi dariya. "Kai ko rago sai an ba shi ruwa kahin a sa mai wuƙa."

"Yi min shi busasshe. Mura gare ni."

"Busasshe? Aski za ni yi maka ko hiɗa? Gwaggo, zuba mu tahi, mutane na jiran shuka."

Ɗanasabe ya juyo ya dubi yayarsa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaya."

Ta san abin da yake roƙo. Tana iya sakin ƙwaryar ta fashe, ta ce hannunta ya yi rawa, a shiga salati da neman wata dabara, wataƙila cikin ruɗani a yi askin haka nan. Sungumi ya kwana a ɗakin ubanta. Ta dubi sungumin a hannun dattawa, ƙotarsa tana sheƙi da man da ta shafa. Ta dubi ramin farko da ƙwaryar irin gari a gefensa. Toka da fenti za a zuba a ciki, mutane su ce amin, kuma ita ce za ta riƙe musu ƙaryar har ta mutu. Shirun da ta yi a bakin rijiya ma ya ishe ta kaya.

Ta ce bismillah ta karkata ƙwarya.

Ruwa ya gangaro da toka ta goshi, ta hanci, ta wuyan babbar riga. Jibril ya sa tafin hannu ya murza sau ɗaya kamar yadda ya saba, ya ɗaga hannu, ya tsaya. Rana ta faɗa kan ruwan lemo da kore da sauran shuɗi, suna ƙyalli a jiƙe.

 Wata mata ta ce, "Innalillahi."

Jibril ya ja da baya ya dubi tafinsa, ya dubi kan. "Jama'a, ni mutum anka ce in aske. Wa ya kamo jan gwada ya sa mai riga?"

Dariya ta fashe kamar kwari ya ɓalle. Mata suka riƙe ciki, makiyaya suka jingina da sanduna suna share hawaye, samari suka zaro salula suna ɗaukar hoto. Tsohon da ya ce kamar auduga ya tofar da yawu ya juya baya. Ɗanasabe ya laluba hula, ta faɗa cikin laka, ya ɗauka ya kifa haka nan, ya fara cewa zamani ne, a Abija.

"Yi shiru," in ji liman. "Rinin wauta ta, da ka zo ka hwaɗi da mun yi maka hwaɗa mun ga abin yi. Tokar ita ta ha'inci. Gari duka ka so ka sa ya ce amin bisa ƙarya."

Dattawa ba su ko zauna shawara ba. Babbansu ya ɗaga murya ya kira Hassan. Hassan ya fito daga bayan mutane da ƙwaryar irinsa, ya cire hula. Ba shi da suma sosai, ɗan tsiron aski ne fari-fari, amma nasa ne. Jibril ya dubi ƙwaryar Fatsima, akwai sauran ruwa.

"Gwaggo, kina iyawa?"

"Ɗan ƙanen ubana na," ta ce. Ta zuba masa. Ta ajiye ƙwarya.

Aka zuba ɗan gashin Hassan a rami da iri, aka miƙa masa sungumi ya sara, gari ya watsu cikin gonaki. Da azahar Fatsima ta ɗauki kaskon man shanun ta tsallaka kwari ta ba matar Hassan, ta nuna mata inda gara take fara ci. Ta komo ta rufe ɗakin tsohon.

Ɗanasabe kuwa, Jibril ya aske shi a bakin juji aka bar wa iska sumar. Sungumi ya bar gidan ubansa har abada. Hotonsa ya riga shi isa tashar Madawa, Ni'ima ta ci gaba da ce masa Baba. A Tudun Gawo an daina kiran shi shawarar dattawa, kuma sunansa ya koma Jan Gwada.