Tagar Malam Plinio

"Casilda! Ina wandona?"

"Na wanke."

"Duka?"

"Duka. Har wanda ka ɓoye a bayan firji."

Ina zaune a barandata ina shan kofi na ji su. Katako ne kawai tsakanin gidana da na Malam Plinio. In ya yi atishawa, ni nake ce masa sannu. Ranar Asabar ce, ranar da 'yan makarantarsa za su kara da yaran makarantar Fada, limamin coci, a besbol, wasan sanda da ƙwallo. Shi kuwa yana kwance. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji, in ya sauko daga gado to ya sauko ke nan.

Sabon malami ne, ko da yake kansa ya yi fari fat. Tare muka tsufa a kamfanin sukari, shi yana tuƙa motar rake, ni ina kan masu sara. Da kamfanin ya rufe, kowa ya nemi inuwa da teburin wasan domino. Shi sai ya sayi jaka ya shiga karatun malanta tare da sa'o'in 'ya'yansa. Bara aka ba shi aji. Tun daga nan ban sake ganinsa a zaune ba. Safe aji, rana aji, yamma fili, bayan faɗuwar rana ajin manya. Dafaffiyar ayabarsa a tsaye yake ci. Littattafan yara a bayan ɗan acaɓa yake dubawa. Ya sha bina in shiga ajin manyan in koyi rubuta wasiƙa. Na ce masa duk wanda nake da magana da shi yana jin muryata daga nan.

A garinmu kowa na son besbol, amma nasa ciwo ne. Ya tattara yaran da masu horarwa suka ƙi: gajeru, masu tabarau, masu tsoron ƙwallo, da yarinya guda. Ba su taɓa cin wasa ba. Ya rantse ba zai mutu ba sai ya ga sun ci ko sau ɗaya. Matarsa Casilda ta ce ashe shi zai binne mu duka.

Ita ce ta leƙo ta kan shinge. "Don Eusebio, wai ka zo. Kada ka biye masa."

Na same shi lulluɓe da zanen gado, hular ƙungiya a kansa. Leɓensa ya yi toka.

"Maƙwabci, ara mini wando."

"Nawa zai kai maka wuya."

"To sa ni a baro ka tura."

"Kai ba taki ba ne."

Ya kasa kunne. Ana jin hayaniyar fili, don filin makaranta a bayan gidajenmu yake, katanga ce kawai ta tare. Sai ya nuna tagar da ke saman kan gadonsa.

"Dogo in ya hau kujera zai hango komai. Babu wanda ya kai ka tsawo a layin nan. Hau ka zama rediyona."

"Ni? Tunda nake ban taɓa hawa kujera da ƙafa ba."

Na juya zan fita. Casilda tana tsaye a ƙofa da kujerar a hannu. Idonta na gani, na gane kwana ta yi ba ta runtsa ba.

"Cire takalmi dai," in ji ta.

Na hau.

"Me ake ciki?"

"Sun fara."

"Wa ke jifa?"

"Wani yaro."

"Wane yaron, bawan Allah? Duk filin yara ne!"

"Mai kunnuwa."

"Wilkin! Ya jefa?"

"Ya jefa."

"Sai me?"

"An buga."

"Ina ta tafi?"

"Cikin awakin maƙwabcinmu Fello."

Ya dafe ƙirji, Casilda ta zabura. Ya ce ba zuciyar ba ce, ni ne. "Don Eusebio, a rediyo cewa ake: ga ta can, ga ta can, ta yi ban kwana da uwarta! Sa gishiri mana!"

"Ba na ƙara wa magana gishiri."

"Alƙali mai yanke hukuncin kisa ya fi ka armashi."

"Sai ka aika a kira shi."

Kafin a gama turmi na biyu yaran fada sun ci uku. Suna da riguna iri ɗaya da takalma masu ƙusa. Na Malam kuwa sanda guda suke karɓa-karɓa, safar hannu in wannan ya cire wancan ya sa. Na faɗa masa abin da na gani. Ya tambaye ni wa ke tsaron dama, na ce wani mai tabarau yana tsugune yana kallon tururuwa.

"Yi masa magana ya tashi! Ka ce ya matso!"

Ni murya ɗaya gare ni, wadda nake kiran masu sara daga wancan ƙarshen gona. Na zura kai ta taga.

"Kai! Tashi! Matso nan!"

Filin ya tsaya cak. Mai tabarau ya miƙe. Yaran fada da ke kan benci ma suka miƙe. Alƙalin wasa ya matso taku biyu kafin ya tuna shi ne alƙali. Fada da kansa ya cire hula yana duban sama.

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Casilda ta ba shi ruwa tana zaginmu mu biyu.

Da bugu ya dawo hannun na Malam, mai jifan yaran fada ya kasa samun kansa. Kowace jifa sai ya waiwayo tagar. Ni kuwa kallonsa kawai nake. Ya yi ta jifa a karkace, alƙali yana ba yaran Malam zango kyauta ɗaya bayan ɗaya, har zango ukun da ake bi kafin a dawo gida a ci suka cika.

"Wa ke riƙe da sanda?"

"Yarinyar."

"Yajaira. Ubanta ya ce wasan maza ne, sau uku na je gidansu. Yaya ta tsaya?"

"Kamar mai shirin kashe maciji."

"Haka na koya mata. Sai me?"

Sai na ji ƙarar sanda, irin wadda ba a yin ta da kuskure.

"Ta buga! Ta wuce kan mai tsaron tsakiya, ta faɗa kwata! Ku ruga! Kai gajere, uwarka ce ta ɗaure maka ƙafa? Ɗaya ya shigo gida! Biyu! Uku! Gudu, 'yar nan, gudu, ga ƙwallo nan tafe! Kwanta! Ta kwanta! Ta shigo!"

Kujera ta yi gefe, na kama ƙarfen taga. Da na duba ƙasa, su biyun ni suke kallo.

"Casilda," in ji Malam, "ashe yana da harshe."

"Nawa-nawa ne dai?" in ji ta.

"Huɗu da uku. Naku ne a gaba."

"Namu," in ji shi. "Sake faɗa."

"Muna gaba da ɗaya."

Ya lumshe ido yana murmushi. "Casilda, goge mini wando na Litinin. Ina da jarrabawar lissafi, ban ma rubuta tambayoyin ba."

"Sai ya bushe."

Na koma kan aikina. Wilkin ya jefa, na faɗa. An fitar da mutum guda, na faɗa. Akuya ta shigo fili aka kore ta, na faɗa har da launinta. Can na lura na daɗe ban ji "sai me" ba. Na ɗauka a ƙarshe ya koyi haƙuri.

Na waiwaya. Casilda tana zaune a bakin gado, hannunsa cikin nata. Ta riga ta rufe masa ido, ta gyara masa hular.

Na sa ƙafa zan sauko.

"Ci gaba, Don Eusebio," in ji ta. "Ba ya son a bar wasa a tsakiya."

Na ci gaba. Mai jifan yaran fada ya daina jin tsorona. Na Malam suka koma halinsu: biyu suka yi karo a kan ƙwallo guda, mai tabarau ya jefa wa Fada maimakon mai tsaron zango. Aka tashi sha uku da huɗu. Duk abin da na gani na faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba. Nawa-nawa ne kawai babu wanda ya sake tambayata, ni ma ban faɗa ba.

Na sauko. Na sa takalmi na tsaya a ƙofar gida. Matan layi sun fara shigowa da kujeru da tukunyar kofi.

Sai ga yaran tafe a hankali, suna jan sanda a ƙasa, suna gardama.

"Kai za ka gaya masa, kai ka saki ƙwallo."

"Ai kai ka ture ni, ƙaton banza!"

Da suka gan ni suka yi tsit. Yarinyar ce ta matso, gabanta duk jar ƙasa.

"Don Eusebio, Malam ya ji?"

"Ya ji kin buga."

"Sauran fa?"

"Sauran bai ji ba."

Ta dubi matan da ke shiga da kujeru. Ta dubi Casilda a bakin ƙofa da carbi a hannu. Ta cire hula. Sauran suka cire nasu.

Ban ce su shiga ba, ban ce su tafi ba. Suka zauna a jere a bakin hanya, huluna a kan gwiwa, sandar a kwance a gabansu. Rana ta yi sanyi, inuwar gidan ta miƙe har ta rufe musu ƙafafu.