Taswirar Hanyar Jabal Awliya

Na dawo Umdurman a shekarar 1992, bayan na yi shekara shida ina karatun safiyo a Cekoslobakiya. Na zo da takardar digiri, da keke mai giya goma, da wata ɗabi'a da na koyo a can. Duk hanyar da na bi da keke sai na zana ta a littafi: ga inda ake hawa, ga gangara, ga rijiya, ga gada, ga nisan da ke tsakani. A can kowane mai yawon keke haka yake yi, har aron littattafan ake ba juna. Aiki ban samu ba. Keke kuwa, duk Juma'a ina kansa.

Yaya Jibirin ɗan wan babana ne, ya girme ni da shekara goma sha huɗu. Rumfar gyaran keke gare shi a bayan layin maƙera a Kasuwar Umdurman. Da hannunsa yake ciyar da matarsa Barira, da 'ya'ya mata biyar, da kakarmu Gogo. Allo kawai ya yi, bai san baƙin boko ba.

"Bashmuhandis," haka yake kirana don tsokana, wato babban injiniya. "Shekara shida a ƙasar ƙanƙara, abin da ka koyo yawo a rana?"

"Ka zo ka gani, Yaya."

"Zan zo. Ina so in ga ƙayar da ke cinye maka taya duk mako."

Muka fita bayan asuba, shi a kan tsohon baƙin kekensa ɗan Sin. Muka bi yamma da Farin Nilu, muka wuce Salha, kwalta ta ƙare. Daga nan tuddai ne na tsakuwa, ka hau ɗaya ka hango na gaba. Awaki, ƙaya, gidajen laka, can hagu gonakin albasa sun yi kore a bakin ruwa. Duk hawa sai Yaya ya sauka ya tura yana zagin kakan wanda ya ƙirƙiro tudu. Duk gangara sai ya wuce ni, riga cike da iska, yana ihu. A wani ƙauye muka sha shayi wurin wata mata Awadiyya, na sa ɗigo a littafi, na rubuta sunanta.

Da hantsi muka haye madatsar ruwan Jabal Awliya. Masunta Hausawa suka ba mu soyayyen kifi, suka ƙi barinmu mu tafi sai da muka cinye. Daga nan muka hau wani tudu a gefen dutsen. Komai a fili yake daga sama: tsawon madatsar, ƙofofin ruwa, hanyar Kalakla. Na zauna na zana. Minti ashirin ya ɗauke ni, kuma ya yi kyau.

Yaya ne ya fara hango motar. Farar boksi ce, mai buɗaɗɗen baya, tana hawowa ba ta kan hanya ba. Ya dubi motar, ya dubi abin da ke kan cinyata. Ya fizge littafin ya cusa a aljihun rigarsa.

"Ka yi karatu a ƙasar 'yan gurguzu," ya ce da sauri. "In suka ji, ba mai sāke ganinka. Daga yanzu kai bebe ne."

"Yaya, zanen hanya ne kawai."

"Rufe min baki, Salahuddin."

A danginmu, tun kakanninmu na tsinkar auduga a gonakin Jazira, in hukuma ta zo babba ne ke miƙewa ya amsa. Ƙarami ya sunkuyar da kai, ko da shi ya yi ɓarnar. Ban taɓa ganin wanda ya saɓa ba. Na rufe baki.

Su uku ne suka sauko daga motar. Biyu da kaki da bindiga, ɗaya da farar shat da tabarau, shi ne ke magana. Da Larabci ya yi ta.

"Me kuke yi a nan?"

"Hutawa, janabu," in ji Yaya, wato ranka ya daɗe. "Ni mai gyaran keke ne. Wannan ƙanena ne, ba ya magana tun haihuwa. Yana ji dai."

Mai tabarau ya karɓi takardunmu na ɗan ƙasa, ya juya su. "Fallata da takarda. Nawa ne ku a garin nan yanzu?" Fallata, haka suke kiran irinmu 'yan asalin ƙasar Hausa.

Ɗaya daga masu kakin ya laluba Yaya, ya zaro littafin. Mai tabarau ya buɗe shafi-shafi, bai yi sauri ba. Ya tsaya a na ƙarshe. Ya ɗaga kai ya dubi madatsar, ya sāke duban takardar.

"Na wa ne?"

"Nawa ne," in ji Yaya.

"Karanta min nan."

"Rubutun ba nawa ba ne, janabu. Wani Bature ya manta shi a rumfata. Ni zane kawai nake ƙarawa."

Mai tabarau ya juyo gare ni. "Bebe, ko?" Ya yi wa ɗaya nuni da haɓa. Gindin bindiga ya same ni a ciki, na durƙusa. Na biyu a haƙarƙari. Wani ya taka min wuya da takalmi, bakina ya cika da tsakuwa. Abin da suke jira shi ne kalma ɗaya, ko wayyo ce. Na yi gurnani irin na saniya, na yi aman kifi. Suka yi dariya suka ƙyale ni.

Aka miƙa wa Yaya biro da sabon shafi. "Sāke zana ta."

Ya riƙe biron kamar sukurdireba. Ya ja layi ɗaya karkatacce, ya ƙara wasu ƙananan a ƙasa. Mai tabarau ya dube shi, ya mare shi da littafin.

"Wa ya zana wancan?"

"Ni. Hannuna ne ke rawa yanzu."

"To mu ga hannun."

Suka kifar da kekena, ƙafafu sama. Ɗaya ya murɗe wa Yaya hannun hagu ta baya, ya danna masa gwiwa a gadon baya. Ɗayan ya kama na dama, ya ɗora yatsun a kan haƙoran babban faranti, daidai inda sarƙa ke hawa. Mai tabarau ya riƙe feda.

"Wa ya zana?"

"Ni."

Ya juya feda. Na ji ƙarar kamar an karya busasshen kara. Yaya ya kwarma ihu, ya kira Allah, ya kira Gogo. Jini ya bi sarƙar ya zagaya har giyar baya.

Na yunƙura, bakina ya buɗe. Yaya ya gan ni. Cikin ihun ya jefo min Hausa: "In ka yi magana ban yafe ba! Na riga na ba da guda!"

"Bar wannan yaren," in ji mai tabarau, ya shure shi a baki. "Wa ya zana?"

"Ni, janabu."

Ya sāke juyawa, a hankali wannan karon. Yatsa na biyu ya shiga. Ina kwance taku uku daga wurin, ina kallo. Na san in na yi magana ƙaryar ta tonu, mu biyun za su ɗauka, kuma yatsan da ya tafi ya tafi a banza. Na san kuma tsoro nake ji. Ban iya raba biyun ba a lokacin, har yau ban iya ba.

Karo na uku Yaya ya suma. Mai tabarau ya saki feda, ya goge hannunsa a rigar Yaya. Ya dubi agogo.

"Wawa ne kawai," ya ce wa mutanensa. "Ba zai ƙara zane ba."

Suka jefa kekena a bayan motar, littafin a gaba, suka tafi. Takardunmu suka watsar a ƙasa.

Na yaga rawaninsa na ɗaure hannun, na zuba masa sauran ruwan gora a fuska. Da ya farfaɗo na ɗora shi a kariyar baƙin keken, na ɗaure ƙugunsa da nawa. A bakin kwalta na ɗaga wa bas uku hannu. Kowane direba ya ga jini sai ya ƙara wuta. Na taka. Kilomita ashirin da wani abu ne zuwa Kalakla, rana a tsaka, kansa yana dukan bayana.

A wani ƙaramin asibiti a Kalakla ma'aikacin ya kwance rawanin, ya ja tsaki. Manuniya da ɗan tsakiya ba abin da za a ɗinka. Ya cire su da allura ɗaya ta kashe zafi, wadda ba ta isa ba. Ni na danne kafaɗun.

"Me ya same ka?" ya tambaya yana naɗe bandeji.

"Sarƙar keke," in ji Yaya.

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai. Ganganci."

Da la'asar muka isa gida. Barira na tsakar gida tana tuyar kisra, gurasar dawa. Ta ga bandejin, ta ga fuskata, ta sauke kaskon daga wuta kafin ta miƙe.

"Yaya Barira," na ce, "ni ne..."

"Ba ta tambaye ka ba," in ji Yaya. Ya zauna a bakin gado, ya bar ta ta duba hannun. Ta ƙirga abin da ya rage da idonta. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi ɗakin da 'yan matan suke, sannan ta dube ni, ta daɗe.

"Gobe Asabar," Yaya ya ce mini. "Akwai kekuna shida a rumfa, masu su za su zo. Makulli na jikin ƙusa."

"Ban iya gyara ba, Yaya. Faci kawai na iya."

"Zan zauna kusa da kai in yi ta zaginka. Ƙarfe bakwai."

Na je shida da rabi.