Mudu Biyu a Gindin Lalle

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, Malam Badaru akawu bai sayi babur ba kamar abokan aikinsa. Kujerar Makka ya biya wa matarsa Maijidda, ta bi yayanta Kalilu. Abin yabo ne, kuma bai bar kowa a Daura ya manta da yabon ba.

Ranar da motar maniyyata za ta tashi zuwa Kano, Maijidda ba ta yi masa zancen hatsi ko kaji ba. Jan sa ta yi zuwa bayan ɗaki, inda wani lalle yake tsaye, tsayinsa ya ɗan ɗara na mutum. Reshe ne ta yanko daga gidan mahaifiyarta a Baure satin da aka kawo ta, shekara ashirin da biyu ke nan. Tsohuwar ta rasu, gidan ya zama kango, lallen nan kaɗai ya rage mata.

"Malam, ga amanata. Ka kula min da shi."

"Wannan ɗan icen? Je ki abinki. Kafin ki dawo ba za ki gane shi ba."

Allah ya karɓi maganarsa, sai dai ba ta hanyar da ya nufa ba.

Da aka yi kwana bakwai sai ya ga 'yan ganyaye sun yi rawaya sun zubo. Duk macen da ke garin ta san haka lalle yake yi in rani ya kama, amma Badaru ba mutumin da zai tambayi mata ba ne. Ya yanke hukunci yunwa ce. A lokacin kuwa ba a zancen komai a ofis sai takin zamani, farin nan mai kama da gishiri da gwamnati ke kawowa a manyan motoci. Ya sayo buhu guda. Malamin gona ya ce masa, "Cikin murfin kwalba ɗaya ya isa. Nesa da gindi, ka bi da ruwa sosai."

A ransa Badaru ya raina maganar. Murfin kwalba! A gidansa ko baƙon da ya zo tambayar hanya ba a sa masa tuwo malmala ɗaya. Ya za a yi amanar matarsa, wadda take can tana yi masa addu'a a Madina, ya yi mata ƙoro? Ya ciko mudu har da tozo, ya juye a gindin lallen, ya tsiyaya masa ruwa buta ɗaya, ya kakkaɓe hannu.

Kwana uku bakin ganyen ya ƙone. Badaru ya duba, ya jinjina kai, ya ce ashe yunwar ta yi nisa. Ya ƙara mudu.

Ranar da rediyo ya ce alhazai sun sauko daga Arfa, ko ganye ɗaya babu a jikin lallen. Nan fa tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, har tuwon da ƙanwarsa ke aiko masa ya riƙa komawa yadda ya zo. Ya yi tunanin ya samo wani lallen ya dasa, amma Maijidda ta san kowane reshe kamar yatsun hannunta. A ƙarshe ya haɗiye girman kansa ya gangara fadama wurin Ɗantsoho mai lambu, tsohon da Badaru ya sha tsokana saboda yana safarar kashin awaki a kan jaki alhali zamani ya zo.

Ɗantsoho ya zo ya tsuguna, ya tona gindin da yatsa. Ƙasar ta yi fari fat.

"Malam, nawa ka zuba?"

"Kaɗan ne, Baba."

"Kaɗan ɗin nawa?"

"Mudu biyu."

"Mudu biyu! To ice kake ciyarwa, ko fata kake jima?"

Ya kankare ɓawon da farce daga sama, ya tarar a bushe. Ya yi ta gangarowa har kusa da ƙasa, sannan kore ya bayyana.

"Da sauran ransa. Kwashe ƙasar nan ka zubar can nesa, ka maye da sabuwa da tsohon takin awaki wanda ya huce. Ruwa safe da yamma har ya kwanta, don ya wanke saiwar. Rassan kuwa a sare su duka, a bar iya gwiwa."

"A sare? Baba, kashe ni kake so a yi?"

"Kai ka ɗauki amana, kai za ka sare," in ji Ɗantsoho, ya miƙa masa adda.

Badaru ya karɓa ya sare. Daga ranar unguwa ta samu abin kallo: akawu ya naɗe ƙafar wando yana jigilar ruwa daga rijiya da garwa, rabi a jikinsa rabi a ƙasa. Masu sayar da ruwa suka ce ya bar musu, ya ƙi. Maƙwabta na tambayarsa ko an sauya masa wurin aiki ne, ya yi kamar bai ji ba.

Hajiya Maijidda ta dawo, gida ya cika da guɗa, mata na ta leƙen haƙorinta na Makka. Badaru yana ta kai-kawo, duk inda ya tsaya sai ka ga ya tare hanyar bayan ɗaki. Bayan la'asar baƙi suka ragu, ta kewaye shi ta wuce.

Kututture ta tarar, iya gwiwa, da 'yan toho guda bakwai, kowanne bai kai ɗan yatsa ba.

Bai jira tambaya ba, ya faɗa mata komai, har da mudu na biyun da ya so ya ɓoye. Ta tsuguna tana shafa wurin saran, sai ya ga hawaye na bin fuskarta.

"Hajiya, ki yafe ni."

"Haka Inna take yi wa nata," ta ce a hankali. "Duk bayan shekara biyu sai ta sare shi daidai nan, ya fito sabo. Ni na san ya tsufa, na san yana son sara. Shekara ashirin da biyu na kasa sa masa wuƙa, gani nake kamar ita zan yanka."

Badaru ya sauke ajiyar zuciya. Kafin numfashin ya gama fita har ya fara gyara wuyan riga.

"To ai ni dama da na duba rassan nan..."

"Malam," ta katse shi, tana share ido da bakin mayafi tana dariya, "sauran buhun a fitar min da shi daga gidan nan yau. Ina tsoron wata rana ka dube ni ka ga na rame."