Ka Yi Sauri

Malfuna huɗu ne jere a kan akwatin ganga a bayan motar, duk lokacin da taya ta faɗa rami sai su yi tsalle tare kamar kaji. Freeman Hochstetler yana zaune a gaba, yana kallon gonakin masarar da aka fara girbewa a gefen hanyar Goshen. Lavern mai ganga ne ke tuƙi. 'Yan gidan Lambright biyu, masu jita, suna barci a baya, baki buɗe.

"Jiya ma ka ja mana waƙa," in ji Lavern. "Ina bugu ina jiranka kamar mai jiran saniya ta haihu. Mutane rawa suka zo yi, mutumina, ba jana'iza ba."

"Kai ne kake gudu kamar an biyo ka."

"Ni da na'ura nake auna buguna. Kai da me kake aunawa? Da kakanka?"

Wannan faɗan ya girmi motar. Su huɗun duk 'ya'yan Amish ne, Kiristocin nan manoma na Amurka masu gudun mota da lantarki, a keken doki aka goya su, kuma duk sun fita daga cikin jama'ar. Ranakun aiki suna haɗa tireloli a wata masana'anta a Elkhart. Ƙarshen mako kuwa sai su ɗora malfa, su rataya igiyoyin wando a kafaɗa, su hau dandamali suna rera waƙoƙin rediyo na wasu mutane, a bikin aure ko a kasuwar baje koli. Ingilishi, wato duk wanda ba namu ba a faɗarmu ta Amish, suna mutuwar son abin. Mutum da shigar manomi yana waƙar soyayya da lantarki, ai ko bai iya ba za a tafa masa. Freeman kuwa ya iya.

Sai dai fita suna suka tara. Lavern da 'yan Lambright sun tafi tun ba a yi musu baftisma ba, saboda haka ba su karya alkawarin kowa ba. Ranar Lahadi sukan ajiye mota a bayan rumbu, su shiga su ci kaza da dankali a teburin iyayensu mata, a yi musu faɗa kaɗan, a cika musu kwano su tafi da shi. Freeman ya durƙusa an zuba masa ruwa, ya yi alkawari a gaban jama'a, sannan ya fita. Irin wannan ƙaurace masa ake yi. Ba a cin abinci da shi a tebur ɗaya, ba a karɓar komai daga hannunsa. Dokar ba ta hana magana ba. Shirun, mahaifinsa ne ya ƙara da kansa, kuma ya riƙe shi har gashin Freeman ya fara fari.

"Wai wa ya samo mana wasa a gidan jinya da rana tsaka?" in ji Freeman.

Lavern ya gyara madubin da ba ya bukatar gyara. "Ni ne."

"To me ya yi zafi?"

"Mamata ta ce Dat ɗinka, mahaifinka, yana can. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye aka kawo shi, suna koya masa tsayuwa. Baki kuma ya ɗauke gaba ɗaya." Ya saci kallon Freeman. "Ba su gaya maka ba, ko?"

"Na ji ya faɗi. A shagon ƙusa na ji."

"Idan ba ka so, sai in ce muryarka ta dishe."

Da suka isa, kowa ya ɗauki malfarsa. Freeman kuwa tasa ya bar ta a kan kujera.

Zauren cin abinci aka kawar wa tebura. Nas-nas suka turo tsofaffi a kujeru masu taya, suka jera su kamar tukwane a rana. A layin ƙarshe, kusa da ƙofa, akwai wani dogon tsoho mai farin gemu ba gashin baki, da bargo a cinyarsa. Bakinsa ya karkace gefe. Ba wanda ya tambaye shi ko yana son kiɗa, ai ba zai iya cewa a'a ba.

Wannan mutum, mahaifin Freeman, shi ne ya fi kowa iya jan waƙa a gundumarmu. A wajenmu ba kiɗa a ibada, ba a raba murya sama da ƙasa. Mutum ɗaya ne ke ɗauko gaɓar farko ta kowane layi shi kaɗai, ya ja ta, ya lanƙwasa ta sama da ƙasa, sai a gaɓa ta biyu jama'a su faɗo masa gaba ɗaya. Baiti guda yakan ci lokacin tatsar saniya. Ba a rubuta karin a ko'ina ba, a kunne ake gadonsa. Dat ya koya wa Freeman shi a garke, suna tatsa da asuba, domin Orva, babban ɗan, ba shi da murya.

Lavern ya haɗa sanduna, suka fara. Waƙar wata yarinya da motar ɗaukar kaya, sannan ta wani da ya rantse ba zai sake shan giya ba. Tsofaffin suka yi ta kaɗa kai, wata mai jan baki ta ɗaga sandarta tana juyawa. Freeman yana waƙa yana kallon layin ƙarshe. Idon tsohon yana kan tagar da ke gefe, inda ba komai sai wurin ajiye motoci.

Suna cikin ta uku Orva ya shigo, da baƙar hularsa a hannu. Ya dubi dandamali, ya dubi ƙanensa da makirufo a baki, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya sunkuya ya gyara wa mahaifinsu bargo, ya kama hannayen kujerar, ya fara juya ta wajen ƙofa.

Freeman ya daina waƙa a tsakiyar layi. Jitocin suka ɗan ci gaba, suka rasa shi, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ya matsa gefe daga makirufon. Ya buɗe baki ya ɗauko gaɓar farko ta waƙar da ake yi a kowace ibada, a kowane rumbu da kowane falo, tun kafin a haifi kakanninmu.

Ya ja ta. Ya hau da ita, ya sauko, ya sake hawa. Murya ɗaya tsirara a zauren da ke warin miya da maganin goge ƙasa. Ya iso inda jama'a ke shigowa, ya tsaya a bakin wurin kamar mai tsayuwa a bakin rijiya.

'Yan Lambright ne suka shigo. Ba shawara suka yi ba, bakinsu ne ya buɗe da kansa, kamar yadda doki ke juyawa a kan hanyar gida. Mutanen da abincinsu raba murya ne suka bi layi ɗaya ba ado. Lavern ya ɗora sandunansa a cinya ya bi su a ƙasa-ƙasa.

Kujerar ta tsaya. Orva ya tura, ta ƙi. Hannun tsohon mai lafiya ya sauka ya riƙe tayar.

Suka kai ƙarshen layin. Freeman ya ja numfashi zai ɗauko na biyu, sai ya ga leɓen mahaifinsa yana motsi. Tsohon ya juyo da kansa da ƙyar, ya dube shi ido cikin ido. Maganar ta fito a karkace, cikin harshenmu na gida, amma duk wanda ya san harshen ya ji ta.

"Ka yi sauri."

Sannan ya saki tayar.

Tsofaffin suka ɗauka cikin wasan ne, suka tafa. Wata nas ta taho da gudu-gudu, tana tambayar ko magana ya yi, me ya ce, a maimaita mata ta rubuta.

"Cewa ya yi mutumin nan ya cika sauri," in ji Lavern, yana share ido da bayan hannu. "Wannan mutumin. Ni dai na ga ƙarshen duniya."

Freeman ya sauko ya bi Orva da tsohon zuwa baranda. Orva ya tsaya, amma bai saki kujerar ba.

"Tun ranar da ya faɗi bai ce uffan ba," in ji Orva, yana kallon bango. "Ko sunan Mam bai kira ba."

"Yaya take?"

"Tana nan. Ƙafa ce ke damunta." Ya juya hularsa a hannu. "Ka yi ƙiba."

"Kai ma gemunka ya yi fari, Yaya."

"Ibada mai zuwa a gidana za a yi. In za ka dawo, ka san abin da ake faɗa a gaban jama'a, ka san inda ake durƙusawa. Ba a canza ba."

"Na sani."

Bargon ya zame daga cinyar tsohon ya faɗi ƙasa. Freeman ya riga kowa sunkuyawa. Ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya miƙa. Hannun Orva bai motsa ba. Hannun Dat ma yana nan a kan cinyarsa, a buɗe, bai motsa ba. Freeman ya tsaya da bargo a iska har ya tuna. Ya ninke shi, ya ɗora a kan wani benci da ke jikin bango. Orva ya ɗauka daga kan bencin ya rufa wa mahaifinsu, ya tura kujerar suka bi dogon barandan. Tsohon bai waiwayo ba. Wataƙila wuyan ne ba ya juyawa.

A ciki mai jan bakin tana buga sandarta a ƙasa, tana cewa a dawo da ta yarinyar nan mai mota. Suka dawo da ita. Lavern bai yi ƙorafin komai ba ranar, har suka kwashe kaya.

Ranar Lahadi da hantsi Lavern ya biyo ta gaban ɗakin Freeman, ya danna ƙaho, ya ce zai taho masa da kaza idan ta rage. 'Yan Lambright sun riga sun wuce tun da safe. Freeman ya ɗumama wake na gwangwani, ya ci a tsaye a gaban tukunyar, ya wanke cokalinsa. Ya zauna a bakin gado, ya ɗora hannuwa a gwiwa, yadda ake zama a bencin maza wurin ibada.

Ya ɗauko gaɓar. Ya ja ta a hankali, ya bi kowace lanƙwasa bai tsallake ko ɗaya ba, har numfashinsa ya kusa ƙarewa. Ya iso inda jama'a ke shigowa, ya jira. Firij yana ta gurnaninsa a kusurwa.

Ya ja numfashi, ya sake ɗaukowa daga farko, a hankali fiye da ɗazu.