Murmushi a Saman Kyankyasai

Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin. Kowa Tsaf-tsaf yake ce mata, har mijinta idan yana jin tsokana. Gidan abincinta ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin a baya, amma mace ce da za ta bar mai saye a tsaye ta bi ƙuda guda da tsumma har sai ta ga bayansa. Cokali kuwa sai ta ɗaga shi a haske ta juya kafin ta miƙa maka. Direbobi da makanikai da ma'aikatan ofis suna yi mata dariya, suna kuma cin abincinta ido rufe, don sun san abin da ya fito daga hannunta ba ya bukatar bincike. Wannan yardar ita ce jarinta. Miyarta dai, a faɗi gaskiya, ba ta fi ta kowa ba.

A farkon shekara ta je wurin mai buga takardu ta sa ya yi mata kalanda. Ga hotonta a tsakiya tana murmushi, wushiryarta a fili, ga TSAF-TSAF da koren rubutu a ƙasa. Ta raba wa duk mai cin abinci a wurinta, har ya zama babu garejin da za ka shiga a unguwar ba ka tarar da haƙoranta a bango ba. Guda ɗaya ta rage, ta liƙa ta a kicin, saman firiza.

Wata safiya cokali ya suɓuce mata ya faɗa bayan firizar. Ta durƙusa ta zura hannu, sai ta ji wani abu mai sanyi ya bi ta kan yatsunta ya haura. Ba ta yi ihu ba. Ta je ta wanke hannun da sabulu har fatar ta yi zafi, sannan ta kira ƙanenta a waya.

Ƙanen nan nata shi ne autansu, kuma Auta ake kiransa ko da yake gemu ya cika masa fuska. Ya gwada sana'o'i iri-iri kafin ya tsaya a kan feshin maganin ƙwari, ita ce ma ta saya masa tankin da yake goyawa a baya. Ranar da ba ta buɗe shago ya zo da sassafe, ta kulle ƙofa ta ciki.

"Auta, ka ga abin da za ka gani yanzu? Daga ni sai kai. Ko Inna kada ta ji."

"Haba Yaya, sai ka ce wani bare? Ai asirinki nawa ne."

Ya ja firizar gefe. Abin da ke bayanta ba ya faɗuwa da daɗi. Bango ne gaba ɗaya yake motsi, manya da ƙanana, jajaye da baƙaƙe, wasu na jan ƙwai a gindi, ga wani warin maiƙo mai tsami da ya bugo mata hanci. Ta wata tsaga a jikin bututun ruwa suke shigowa daga kwatar baya, sun sami ɗumin inji sun yi gari. Ta fita da gudu ta yi amai a bokitin shara. Da ta dawo ta tarar da shi riƙe da waya.

"Me kake ɗauka?"

"Mai sayar mini da magani zan nuna wa, ya ga irinsu. Kowane iri da maganinsa, Yaya."

Aiki kam ya yi shi. Ya fesa, ya toshe tsagar da siminti, ya kwashe gawarwakin a leda. Ita kuma ta wuni tana dirzar tayil da ruwan zafi, ta zubar da duk abin da ke buɗe, har gishiri. Daga ranar ba ta sake ganin ko ƙafar guda ba, ta kuma yi ƙoƙari ta manta.

Bayan 'yan makonni tana dawowa daga kasuwa a motar haya, kwandon tumatir a cinya, sai cunkoso ya tsayar da su a mahaɗar da ke bakin layinsu. Can sama, a jikin ginin da ke kallon tasha, an ɗaura wani sabon allon talla na leda mai kauri, faɗinsa ya kai ƙofar gareji. Kyankyasai ne a jiki, kowane ɗaya ya kai tafin hannu, har gashin ƙafafunsu ana gani. An rubuta da jan rubutu: HAKA KICIN ƊINKI YAKE? KIRA MAI FESHI YAU. Matar da ke kusa da ita ta tofar da yawu ta taga.

Tsaf-tsaf ta yatsina fuska. "Tir!" ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji. "Wace ƙazamar ce mai wannan kicin? Wallahi wasu matan bai kamata a bar su su taɓa tukunya ba."

Motar ta ɗan matsa gaba, sai ta hango lambar wayar da ke ƙasa, ta ga ta Auta ce. Idonta ya koma sama a hankali. A kusurwar hoton, saman gefen wata farar firiza, akwai rabin kalanda. An yanke idanun, amma ga haɓa, ga murmushi, ga wushirya, ga koren rubutu: TSAF-TS. Haƙoranta ne suke wa tasha dariya a saman kyankyasai.

Yaron motar, wanda kullum a wurinta yake cin abincin rana, ya juyo ya dube ta, ya dubi allon, ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da bai kwance ba. Nan take ta gane dalilin da ya sa tukunyar shinkafa take kwana da saura tun farkon mako.

Ba ta wuce shago ba. Da kwandon tumatir ɗin ta faɗa wurin mai buga takardu. Shagon nasa cike da warin tawada da ƙarar inji, guntayen takardu sun rufe ƙasa, shi kuma yana cin gyaɗa a kan wani tarin fosta.

"A'a, Hajiya! Kalanda za a ƙara?"

"Kai ka buga allon da ke mahaɗa?"

"Ni ne mana. Kin ga yadda kalar ta fito? Hoton waya ne fa, duhu-duhu, sai da na zauna na haska shi, na fito da kowane ƙwaro daki-daki."

"Da kake haskawa, ba ka ga kalandar da ka buga da hannunka ba?"

Ya tsaya da tauna. "Wallahi na ce kamar na san haƙoran nan." Sai ya ɗaga kafaɗa. "To Hajiya, mu abin da aka kawo muke bugawa. Na ce masa a yanke gefen, ya ce a bari, wai hakan ya fi nuna kicin ɗin gaske ne, ba na intanet ba. Har ƙananan takardun ma haka ya ce a bar su."

"Waɗanne ƙananan takardu?"

Ya nuna mata da haɓa. Wani ragowar ɗauri ne a gefen inji, kowace takarda kamar tafin hannu, hoto iri ɗaya. Sauran, in ji shi, tuni an raba su a tasha da bakin kasuwa da gilasan motoci. Gyaɗar da yake ci ma a cikin irinta aka ƙunso masa. Tsaf-tsaf ta dubi maiƙon da ya ɓata takardar daidai kan murmushinta, ta ji ƙyamar mutumin, da gyaɗarsa, da injinsa, da duk wanda ya taɓa koyon karatu.

Ta tarar da Auta a ɗan shagonsa na ƙarƙashin bene, waya a kunne, yana rubuta kwatancen wani gida a bayan hannu. Ya yi sabon aski. Ya ɗaga mata yatsa wai ta jira, ta fizge wayar ta kife a kan tebur.

"Asirina naka ne, ko?"

"Yaya, tsaya ki ji. Wa zai lura da ɗan gefen nan? Mutane ƙwarin suke kallo."

"Yaron mota ya lura. Mai buga takardu ya ce maka a yanke, ka hana."

Ya sosa ƙeya, amma ko a jikinsa. "Yaya, kin san tun yaushe nake raba takardu masu hoton tanki babu wanda ya kira? Wannan kuwa, wallahi wayata ba ta huta ba. Ke kika ce in tsaya da ƙafata. To ga shi na tsaya."

"A kan wuyana ka tsaya."

"Ai akwai gyara." Idonsa ya yi haske, da gani ya daɗe da shirya maganar. "Sai mu buga na biyu mu ɗaura a gefensa. Wancan a rubuta KAFIN, wannan a rubuta BAYAN. Ki tsaya a kicin ɗin yana ƙyalli, ki yi murmushin nan naki. Talla biyu a allo ɗaya, ke ki samu, ni in samu."

Ta dube shi. Yaron da ta goya, ta share wa majina, ta wanke wa kashi. Abin da ta ji game da shi a lokacin bai bambanta da abin da ta ji a bayan firiza ba, kuma wannan ya fi komai ɓata mata rai. Ta ɗauki kwandonta ta fita, wayarsa na ta ruri a kife.

Abin da ta ce kada Inna ta ji, da bakinta ta je ta faɗa mata. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta sa aka kira Auta, ta wanke shi tas a gaban matarsa. Kafin la'asar an sauke allon. Shi da kansa ya kawo shi a naɗe ya jingina a ƙofar kicin ɗin yayarsa, yana ƙunƙuni wai an tauye masa arziki. Ta sa ƙafa ta ture shi waje.

Sai dai sauke allo bai sauke abin da ido ya riga ya gani ba. Ƙananan takardun suna nan a kwata, a ƙarƙashin kujerun tasha, a hannun masu ƙunsa gyaɗa. Makanikan da ke cika mata ɗaki da surutu sun koma gaishe ta daga tsallaken titi, gaisuwa mai tsawo irin ta marar gaskiya. Ta wuce wani gareji ta ga an cire kalandarta, sai ƙusa. Kicin ɗinta bai taɓa kai yanzu tsabta ba, ga shi babu mai shigowa ya gani.

Ranar da abin ya ishe ta, ta zauna a gaban Inna ta yi kuka.

"Share hawayenki," in ji Inna. "Wane gida ne babu kyankyaso? Masu gudun naki, a leƙa ƙarƙashin gadajensu mana. Gobe da rana zan zo da kaina. Ki fito mini da tebur bakin ƙofa, in zauna in ci kowa yana gani. Duk layin nan sun san ni, sun san ba na cin ƙazanta. Ni na koya miki wanke hannu."

Tsaf-tsaf ta ji wani sanyi a ranta. Ko duniya ta juya mata baya, akwai mutum ɗaya da bai taɓa shakkar hannunta ba.

Washegari ta dafa shinkafa fara sol, ta tsince ta sau biyu ko da yake babu abin tsincewa. Ta shimfiɗa sabon ƙyalle a tebur, ta ɗaga cokali a haske kamar kullum. Inna ta iso a daidai lokacin da tasha ta cika, ta zauna tana amsa gaisuwa da murya sama. Direbobi biyu suka rage tafiya. Yaron motar nan ma ya tsaya daga nesa yana kallo.

"Kawo mini abincin 'yata," in ji Inna, yadda na tsallaken titi zai ji. "Duk garin nan babu hannun da na yarda da shi kamar wannan."

Tsaf-tsaf ta ajiye farantin, ta koma bakin ƙofa ta tsaya, hannu a bayanta, zuciyarta cike da godiya. Inna ta yi bisimilla, ta ɗauki cokali. Tana ci gaba da yi wa direbobin hira, tana dariya, idonta ne kawai ya sauka ƙasa. Sai bakin cokalin ya shiga gefen shinkafar a hankali, ya ɗaga ta, ya kifar. Ya matsa gaba, ya sake ɗagawa. Ya ture wani ɗan baƙin abu zuwa bakin faranti, Inna ta ɗan sunkuya ta duba, ta ga ƙonanniyar albasa ce, sannan ta kai loma baki.

Ba ta ma san ta yi ba. Ta ɗago tana tauna, ta yi wa 'yarta murmushi.

"Kin gani? Ga shi ina ci."

"Na gani, Inna," in ji Tsaf-tsaf.

Ta shiga kicin, ta miƙa hannu saman firiza ta ɓalle kalandar, ta ninke ta fuskar a ciki, ta tura a bokitin shara. Sannan ta buɗe famfo ta hau wanke hannu.