Keken ɗinkin suruki

Keken ɗinkin da Tela ya fara sana'a da shi na surukinsa ne. Baba ya ara masa shi lokacin da ba shi da ko allura, bai sa rana ba, bai nemi ko sisi ba. Yanzu shago ya cika, ga sabon keke mai lantarki, amma abin yana cin Tela a rai. Kayan aro ba ya rufe katara, balle aron suruki. So yake ya mayar, ya huta da sunkuyar da kai.

Ga shi kullum da hantsi sai Baba ya zo, wai duba kayansa. Ya shafa kan keken, ya zauna a benci, ya kama labari. Ya ga zamanin tsabar kuɗi mai huji a tsakiya da ake zira wa zare, ya ga na takarda, yau kuma an ce kuɗi suna cikin waya.

"Na zauna a wani gari," in ji shi, "in ka ara wa mutum akuya, ɗan da ta haifa naka ne. Daga nan kuɗin ruwa ya samo asali. To akuya dai mun ga tana haihuwa. Kuɗi fa, wa ya taɓa ganin cikinsu?"

Tela ya sha jin wannan har ya haddace, amma bai hana shi yin wauta ba. Yaba kyauta tukuici, in ji shi. Ya kai keken wurin mai gyara, aka canza bel, aka shafe tsatsa da fenti, aka ɗaura masa ƙaramin inji. Ya ɗora a amalanke, shi da matarsa suka nufi gidan mahaifinta, yana tafe yana jin daɗin kansa.

Baba ya zagaya keken a tsakar gida, fuska ba annuri.

"Wannan na wane ne?"

"Naku ne, Baba. Na gode, Allah ya saka da alheri."

"Nawa ƙara yake yi kamar tsohuwar ƙofa. Na ba ka tsoho ka kawo mini sabo? Da furfurata za ka ciyar da ni riba?"

"Ai kyauta ce, Baba."

"Kyautar da ta biyo bayan aro, na san sunanta. Kwashe abinka."

Ya shige ɗaki ya saki labule. Tela ya tsaya da zufa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Matarsa kuwa dariya take ƙunshewa da bakin mayafi, abin da ya ƙara ba shi haushi.

"Kai dai ɗinki kawai ka iya," ta ce a hankali. "Da wane idon zai zura zare? In ka mayar masa, gobe da hantsi ina za shi? Tun rasuwar Inna, gidan nan shiru ne."

Sai a lokacin Tela ya gane. Tausayi ya kama shi, har da jin nauyin yadda ya ƙosa ya rabu da tsohon. Ya ari sukuddireba a maƙwabta, ya kwance injin nan ya sa a buhu, sannan ya matsa bakin labule ya yi gyaran murya.

"Baba, na cire. Sai dai ina da roƙo. Aiki ya yi mini yawa, keke ɗaya ba zai ishe ni ba. Ko za a ƙara mini lokaci?"

Muryar Baba ta fito daga bayan labule.

"Fentin fa?"

"Zai goge da kansa."

"To yaushe za ka dawo da shi?"

"Gaskiya ba rana, Baba."

Labule ya motsa. Baba ya fito da hularsa a hannu yana ɓata rai, irin na wanda aka matsa wa.

"Haka masu cin bashi kuke," ya ce. "Mu je in ga inda za ka ajiye mini shi."